Tagar katako mai rigar alminiyam: ta cancanci kuɗinta a ƙasa mai zafi?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana gini. Gida ne mai ɗakuna huɗu a Kaduna, an kai linta, tagogi 14. Wani dillali ya kawo samfurin tagar da cikinta katako ne, wajenta alminiyam, ya ce daga Turai ake kawowa, ba ta bari zafi ya shigo, ba a sake mata fenti, kuma za ta kai shekara hamsin. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na tagar alminiyam ta kasuwa sau da yawa. Mene ne ainihin amfaninta? Ina tsadar take fitowa? Kuma katakon zai jure hunturu da gara? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Awo:

Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Kafin a yi maganar kuɗi, a fara tantance abin da aka nuna maka, domin abu uku ne ake sayarwa da suna ɗaya.

Na asali shi ne wanda Jamus, Ostiriya, Suwizalan da Denmak suka fi sani. Firem ɗin katako ne gaba ɗaya, kaurinsa milimita 68, 78 ko wajen 90, shi ke ɗauke da gilashi da hinjis da makulli. Alminiyam ɗin riga ce kawai da aka rufa masa ta waje don ruwan sama da rana. Na biyu akasin haka ne: firem ɗin alminiyam ne, sai a manna siririn katako ta ciki don ado. Na uku babu katako a cikinsa sam, alminiyam ne zalla da aka buga wa zanen jijiyar katako. Ka ce dillalin ya kawo maka yankakken kusurwar tagar, ka duba ta gefen da aka yanka, ka ga inda sukurun hinjis ke shiga. Idan a katako yake shiga, na farko ne.

A na asalin, katakon ba gungume ɗaya ba ne. Yanka uku ko huɗu ake haɗawa da gam mai jure ruwa, ajin D4, ana juya jijiyar kowane don kada ya murɗe. Rigar alminiyam kuma ba a manna ta da gam, ba a kuma kafe ta da ƙusa. Wasu ƙananan maƙalan roba ake ɗaurewa a jikin katakon, tazarar wajen santimita 20 zuwa 25, sai rigar ta hau kansu, a bar 'yar rata a tsakani. Dalili biyu ne. Iska na ratsa ratar ta busar da duk danshin da ya shiga. Sannan alminiyam na miƙewa da zafi, wajen milimita 0.024 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Sanda mai mita 2 da ta tashi daga digiri 20 da asuba zuwa 70 da azahar ta ƙaru da milimita 2.4, katakon da ke bayanta kuwa da ƙyar ya motsa ta tsawo. Idan aka ɗaure su tamau, ko kusurwa ta buɗe ko rigar ta lanƙwashe. Duk tagar da ka ga an kafe rigarta da sukuru kai tsaye a katako, aikin kwaikwayo ne, ka ajiye ta.

Yanzu batun zafi, wanda nan ne ake yawan ruɗa mai saye. Gaskiya ne zafi ba ya ratsa katako sosai: lambar da ke auna saurin ratsawar zafi a katako wajen 0.13 ce, ta alminiyam 160, wato alminiyam ya ninka shi fiye da sau dubu. A Jamus wannan babban al'amari ne, domin waje na iya sauka ƙasa da sifili, ciki na digiri 20, dare da rana, watanni a jere. Dokar makamashin gininsu ma ta ce tagar da za a canza a tsohon gida kada lambar U ɗinta, wato ma'aunin yawan zafin da ke ratsa jikinta, ta wuce 1.3. Don wannan yanayin aka ƙera tagar.

Mu auna da namu. Ɗauki taga mai murabba'in mita 2 da ke kallon yamma. Gilashi zai ci wajen 1.4, firem 0.6. A ce waje digiri 40, ɗaki 25 da na'urar sanyaya ɗaki, bambanci 15. Zafin da ke ratsa jikin tagar lissafinsa shi ne lambar U sau faɗi sau bambancin. Taga mai gilashi ɗaya, U wajen 5.8, tana shigo da wat 174. Tagar katako da alminiyam mai gilashi biyu, U wajen 1.2, wat 36. An rage wajen wat 140, ba laifi. Amma hasken rana da ke dukan gilashin da la'asar na iya kai wat 600 a kowace murabba'in mita, wato wat 840 a kan 1.4. Farin gilashi ɗaya na barin wajen kashi 85 cikin 100 ya wuce, wat 714 ke nan. Gilashi biyu irin wanda Turawa ke sawa a gidajensu na barin wajen kashi 60, wat 504, domin su suna son ranar ta ɗumama musu ɗaki. Gilashi mai tare rana, wanda lambar g ɗinsa, wato kason zafin rana da yake bari ya wuce, 0.3 ce, wat 252 kawai. Ka ga inda babban zafin yake.

To firem ɗin shi kaɗai fa? Kwatanta na katako mai U 1.3 da na alminiyam mai katangar roba a tsakiya don tare zafi, U 2.5: bambanci 1.2 sau 0.6 sau 15, wat 11. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya na kwashe wajen wat 2,600. Saboda haka wanda ya ce kuɗin katakon zai dawo maka ta hanyar wuta ko man janareto bai yi lissafi ba. Abin da ke rage maka zafi gilashi ne, da robar da ke hana iskar waje kutsowa, da inuwar rumfa ko baranda a bangon yamma da gabas. Waɗannan duk ana samunsu ba tare da katako ba.

Abin da katakon ke bayarwa na gaskiya shi ne kyau a cikin ɗaki, firem mai ƙarfi da ke ɗaukar gilashi mai nauyi ba tare da ya lotsa ba, da rashin zafi idan ka taɓa shi. Rigar kuma ta ɗauke maka wahalar da masu tagar katako zalla ke sha, wato kankarewa da sake fenti ta waje duk bayan 'yan shekaru. Idan waɗannan kake so kuma aljihu zai ɗauka, kuɗi ne da aka kashe a kan abu mai kyau. Amma ka san abin da kake saye.

Sarkin Kafintoci:

Injiniya ya gama da zafi. Ni katakon ne damuwata, Alhaji, kuma tambayarka ta hunturu ita ce ta fi kowace muhimmanci.

Masana'antar Turai na busar da katakon taga zuwa danshi kashi 11 zuwa 15 cikin 100, domin shi ya dace da ɗakunansu, inda laimar iska ke zama tsakanin 40 da 60. Katako kuwa bai daina shaƙa da fitar da ruwa ba har abada, ko an shafe shi. A hunturu laimar iska a Kano, Zariya da Kaduna na sauka ƙasa da 20, kuma a irin wannan iskar katako na neman komawa danshi kashi 4 zuwa 5. A watan Agusta laima ta haura 75 ko 80, shi kuma ya nufi kashi 15 zuwa 16. A ƙiyasi, duk kashi ɗaya da ya sauya, katako na motsawa wajen kashi 0.25 cikin 100 ta faɗi. Sauka daga 13 zuwa 5 kashi 8 ne, wato kashi 2 cikin 100: firem mai faɗin milimita 80 zai tsuke da wajen milimita ɗaya da rabi, damina ta zo ya kumbura ya dawo. Fenti na rage saurin abin, ba ya hana shi.

Ga yadda yake bayyana. A Janairu za ka ga siririn layi ya buɗe a kusurwa, inda na tsaye ya haɗu da na kwance, fenti ya tsage a wurin. Sandunan da ke riƙe gilashi su ɗan saki. A damina kuma ganyen tagar ya riƙa gogar firem ta ƙasa, hannu ya yi tauri. Mai gida ya ɗauka makullin ne ya lalace, ya yi ta murɗawa da ƙarfi har ya karya haƙoran cikin.

Maganinsa tun wurin oda ne. A rubuta wa masana'anta yanayin garin, a nemi su busar da katakon zuwa ƙasan iyakarsu, a kuma tabbatar an shafe dukkan fuskokinsa kafin a haɗa, har da bakin yankan da ke ɓoye a kusurwa da bayan firem da zai jingina da bango. Bakin yanka ne ya fi shan ruwa. Akwai kuma wani katako mai suna Accoya da aka sarrafa da sinadari, wanda motsinsa kaɗan ne ƙwarai, sai dai ya fi tsada.

Sai gara. Mafi yawan waɗannan tagogin ana yinsu ne da katako mai laushi na dazukan sanyi, sifrus (spruce) da fayin (pine), wasu da lac (larch), masu tsada da katako mai tauri na ok (oak), wasu da meranti na Asiya. Sifrus da fayin abincin gara ne, kuma maganin da ake tsoma su ciki a can na ruɓa ne da funfuna, domin a Jamus da Ostiriya gara ba matsalar gidaje ba ce. Abin da ya sa wannan tagar ta fi hatsari shi ne ɓarnar ba ta fitowa fili. Waje alminiyam ne mai sheƙi, ciki fenti ne lafiyayye, gara na bi ta ramin bulo ta shiga bayan firem ta cinye tsakiyar. Sai ranar da hinjis ya zare da sukurunsa. Idan za a iya zaɓa, katakon iroko ko na kawo sun fi dacewa da ƙasarmu, kuma masana'antun Turai sun san su. Idan ba a samu ba, a nemi shaida a rubuce cewa an yi wa katakon maganin gara, a kuma zuba magani a ƙasan gidan da kewayen harsashi. Kada katako ya taɓa bulo ko filasta kai tsaye ko'ina.

Kulawa ba ta da yawa amma ba a tsallake ta. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a share ƙura daga ramukan makulli, a ɗiga mai marar asid a duk inda ƙarfe ke motsi, a goge robobin da ruwan sabulu kaɗan. A ƙasan rigar alminiyam akwai ƙananan ramuka na fitar da ruwa, ƙura da gidan zanzaro na toshe su. A zura siririyar waya a buɗe kafin ruwan farko, in ba haka ba ruwa zai kwanta tsakanin riga da katako, kuma nan ruɓa ke farawa.

Hajiya Mai Zanen Gida:

Ina so in ƙara abin da ake mantawa har sai kaya sun iso. Galibin tagogin Jamus da Ostiriya ciki suke buɗewa. Ka juya hannu gefe, ganyen ya buɗo cikin ɗaki kamar ƙofa. Ka juya shi sama, saman tagar ya kwanto ciki wajen santimita 10 zuwa 15 don iska. Mu kuwa mun saba da mai zamewa ko mai buɗewa waje, da ƙarfen tsaro ta ciki. Da wannan tagar ƙarfen tsaro da ragar sauro dole su koma waje, labule kuma a ɗaga sandarsa sama da ganyen, a bar fili gefe. Idan an riga an dasa ƙarfe ta ciki, sai an cire. Akwai masu buɗewa waje, irin na Denmak da Ingila, sai a faɗa tun wurin oda.

Kuma a guji baƙar riga ko toka mai duhu irin mai lambar launi RAL 7016 da ake yayi. A ranar bazara tana iya kai digiri 70 zuwa 80, robobi da gam ɗin gilashi su ne ke shan wahalar. Fari, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan azurfa sun fi.

A nan na ɗan saɓa da Injiniya. Ya auna zafi kawai, amma ga mai zama kusa da babban titi ko janareton maƙwabci, shiru da rashin ƙura su ne abin da zai ji a jikinsa kullum. Taga mai layin roba biyu ko uku da makullin da ke matse ganyen ta kowane gefe ta sha bamban da mai zamewa da ke da burushi kawai. Gilashi 4-16-4, wato gilashi biyu masu kaurin milimita 4 da ratar milimita 16 a tsakani, na rage ƙara da wajen desibel 30, idan kaurin gilasan biyu ya bambanta, ɗaya kuma mai leda ne a tsakiya, ana haura 40.

Injiniya Mai Awo:

Gaskiya ne, Hajiya, kuma na yarda da batun ƙura. Sai dai makullin da robobin iri ɗaya ne ake sawa a tagar alminiyam mai katangar roba da ta uPVC, wato mai firem ɗin roba mai tauri, daga kamfanoni irin su Roto, Siegenia da Maco. Shirun daga can yake fitowa, ba daga katakon ba.

Mai Kaya Apapa:

Baban Ilham, bari in taɓa kuɗi. A kasuwar Turai wannan ita ce taga mafi tsada a cikin na gidaje. Ta fi ta katako zalla da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ta kuma kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na uPVC mai girma ɗaya. Kuɗinta na bambanta gwargwadon katako da gilashi. Ok ya fi sifrus tsada sosai. Ta Polan da Turkiyya ta fi sauƙi. Idan daga Jamus ne, a tabbatar an cire harajin sayensu na kashi 19 tunda fitar da kayan za a yi.

Tsadar na fitowa ne daga cewa firem biyu ake ƙerawa, na katako da na alminiyam, kowane da injinsa da fentinsa, kuma kowace taga a kan awonta ake yinta. Wannan ya sa kuskuren awo ba ya gyaruwa, ba a rage ta ba a ƙara ta. Kada a aika awo daga takardar zane. A auna kowane rami bayan an gama linta, faɗi wuri uku, tsayi wuri uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a rage milimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe.

A kan kuɗin masana'anta sai ka ɗora akwatin katako da ake tsayar da tagogin ciki, domin gilashi a tsaye yake tafiya, sai jirgi, inshora, takardar shigo da kaya ta Form M, takardar ingancin kaya ta SONCAP, kuɗin kwastam, harajin VAT na kashi 7.5, ejan, da mota daga Legas zuwa Kaduna. Ka nemi dillalin ya rubuta maka kowanne daban, da wanda zai biya idan gilashi ya fashe a hanya. Nauyi ma abin lura ne: gilashi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita a kowane milimita na kauri, don haka gilashi biyu masu milimita 4 kilo 20 ne, uku kilo 30. Idan aka tallata maka mai gilashi uku, ka ƙi. Na ƙasar ƙanƙara ne, a nan ƙarin nauyi ne a kan hinjis da ƙarin kuɗi.

Abu biyu da ya kamata su shiga odar. Na ɗaya, kayan gyara: hannaye biyu ko uku, hinjis, 'yan mitoci na robar, da gwangwanin fentin katakon. Na biyu, idan tagogi da yawa girmansu ɗaya ne, a ƙara gilashi ɗaya ko biyu na ajiya. Gilashi biyu a rufe yake ruf da iskar argon a tsakani, idan ya fashe ko ya fara hazo ta ciki ba a gyara shi, sai dai a canza dukansa. Shekara hamsin da dillali ya ce na firem ne idan an kula da shi. Gilashin da robobin za su nemi canji kafin nan, galibi bayan shekara 20 zuwa 30, a zafinmu ma ƙila kafin haka.

Ga masu gini a Jos: garin na wajen mita 1,200 sama da teku. Gilashin da aka rufe a masana'antar da ke ƙasa-ƙasa zai kumbura idan ya hau can saboda bambancin nauyin iska, gam ɗin gefensa ya wahala. A gaya wa masana'anta tsayin garin don su daidaita shi. Kaduna ba ta kai haka ba, amma a rubuta musu duk da haka.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da na fahimta, zan iya sa ta a falo da babban ɗaki, sauran in sa alminiyam mai katangar roba da gilashi mai tare rana, launin waje ɗaya. Masu ɗaura mana tagar alminiyam za su iya ɗaura wannan, ko sai an kawo wani?

Injiniya Mai Awo:

Wannan tsarin ya yi, Alhaji, ka dai ba bangarorin biyu lambar RAL ɗaya don launin ya zo daidai. Masu ɗaurin gida za su iya idan sun yarda su bar hanyar da suka saba, wato a saka firem a cika gefensa da siminti. Ɗanyen siminti na cin alminiyam ya bar tabon da ba ya fita, ruwansa kuma katako ke shanyewa. A gama filasta ciki da waje, a gama tayil, gini ya bushe, sannan taga ta shigo.

Bulo mai inci 9 rami ne a cikinsa, sukuru ba ya kamawa. A cika ramukan bulon da ke gefen taga da kankare tun yanzu da ake kan gini, ko a zuba siririn ginshiƙi a kowane gefe. Ranar ɗauri a cire ganyen, a ɗora firem a kan 'yan tubalan roba masu tauri a ƙarƙashin kusurwoyi, a daidaita da filam, wato ma'aunin miƙewa na magina, ta kowace fuska, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, biyun su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Sukuru na farko santimita 10 zuwa 15 daga kusurwa, sauran tazararsu kada ta wuce santimita 80, kuma ta katako za su bi, ba ta rigar ba. Kada a matse har firem ya lanƙwashe.

Ratar da ta rage a cika da kumfa marar kumburi sosai, domin mai ƙarfin kumburi na tura firem ciki ganye ya ƙi rufuwa. Kumfa ba ta jure rana ba ta kuma hana ruwa, sai an rufe ta. Littafin masana'anta zai ce a fi toshe ciki fiye da waje, saboda a can danshi daga ɗaki yake fita. A ɗaki mai na'urar sanyaya a damina, danshin daga waje yake shigowa, don haka layin waje ya zama a toshe sosai, da silikon marar asid a kan igiyar soso. Dakalin tagar na waje ya gangara aƙalla digiri 5, ya fito santimita 3 zuwa 4 daga bango, ya kuma tsaya ƙasa da ramukan fitar ruwa, kada filasta ko tayil ya rufe su. A ƙarshe a mayar da ganye, a saita hinjis da alanki (Allen key) mai milimita 4, a sa takarda tsakanin ganye da firem a rufe a ja: idan ta zare cikin sauƙi a wani gefe, a ƙara matse makullin wurin. Ledar da ke jikin alminiyam a ɓare ta cikin 'yan makonni, idan rana ta gasa ta gam ɗinta ba ya fita. Bayan hunturun farko a sake saita hinjis ɗin duka.